Wutar Kara da Wutar Itace a Jikin Ɗan Adam



Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin madafa yana kallon uwargida tana girki, ya san cewa wuta iri biyu ce ke zama a murhu guda. Akwai wutar kara, wadda ke tashi nan take, ta tafasa ruwan koko tun yaro bai gama wanke fuska ba, sa'an nan ta lafa ta bar toka. Akwai kuma wutar itace, irin su kirya, wadda ba ta da saurin kamawa, amma in ta kama sai ta yini tana ci a hankali, ta dafa wake, ta sa ganda ta yi laushi, ba tare da an tsaya mata da fifita ba. Macen da ta san aikinta ba ta raina ko ɗaya daga cikin biyun, illa dai ta san lokacin zuba kara, ta san lokacin tura itace. To, malaman ɗibbu na wannan zamani sun tabbatar da cewa haka al'amarin yake a jikin ɗan Adam: sukari, wanda ke fitowa daga tuwo da shinkafa da doya da fura, shi ne karansa, kitse kuwa shi ne itacensa. A kan yadda jiki ke juyawa daga wannan zuwa wancan, da abin da ke aukuwa ran da ya kasa juyawa, za mu yi sharhinmu na yau.

Ba yau aka fara kamanta rai da wuta ba. Hukama'un da, tun daga Jalinusa har zuwa Ibn Sina mai littafin Alƙanun, sun kasance suna misalta rayuwa da fitila, a kan cewa akwai wani zafi na halitta a cikin jiki wanda ke cin danshinsa kamar yadda harshen wuta ke cin mai, tsufa kuwa ƙarewar man ne. Amma wannan ƙiyasi ne na hankali, ba wanda ya ɗora shi a mizani, sai a hunturun shekarar 1782 zuwa 1783, sa'ad da wasu Faransawa biyu, Lavoisier da Laplace, suka sa ɓeran Masar cikin wani akwati da suka kewaye da ƙanƙara, suka auna ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar, suka gwada da iskar da yake fitarwa, suka kuma ƙona gawayi suka yi masa irin wannan awo, sai suka ga lissafin biyu ya kusa zuwa daidai. Daga nan aka san cewa numfashi ƙuna ce ta haƙiƙa, sai dai mai tafiya sannu sannu, ba harshe ba hayaƙi.  Waɗanda suka gaji aikinsu suka gano wata ƙa'ida mai sauƙi, wadda kusan duk abin da zan faɗa muku yau a kanta aka gina shi: in sukari jiki yake ƙonawa, kowane mudu na iskar oksijin da ya shiga, mudu guda na iskar kabon ke fitowa, in kuwa kitse ne, mudu 10 zai shiga, 7 su fito. Saboda haka in aka kifa wa mutum wata rumfa ta roba a ka, ko aka zaunar da shi a ɗaki na musamman ana auna iskarsa, numfashinsa kaɗai ya isa ya tona asirin abin da yake ƙonawa a wannan sa'a.

Ajiyar makamashin nan biyu ba ta yi kusa da juna ba ko kaɗan. Sukarin da jiki ke tanadi, bayan ya dunƙule shi ya zama wani abu da ake kira gilaikojin, wajen giram 100 ne a hanta da wajen giram 400 a tsoka, jimlarsa kamar kalori 2,000, wato kwatankwacin cin yini guda. Alhali kuwa mutum madaidaici mai nauyin kilo 70, wanda ba mai ce masa mai ƙiba, yana yawo da kitsen da ya kai wajen kalori 100,000. Hikimar Ubangiji a nan a fili take, domin giram guda na kitse yana ba da kalori 9, na sukari kuwa 4, ga shi sukari ba ya ajiyuwa sai da ruwa mai yawa tare da shi, ta yadda da a ce da shi muke guzuri, da nauyin guzurin ya hana mu tashi. Amma akwai wata gaɓa mai tsadar riƙo, ita ce ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma takan cinye wajen kashi 20 na ƙarfin da mutum ke kashewa yana hutawa, tana bukatar kamar giram 120 na sukari kullum, kuma ba ta iya ƙona kitse kai tsaye. To, yaya wanda ya yi makonni ba ci yake zama cikin hankalinsa? A 1967, a birnin Boston na Amurka, George Cahill da Oliver Owen suka warware wannan mas'ala, bayan sun kwantar da mutum uku masu ƙiba waɗanda suka yarda su bar abinci har mako biyar zuwa shida, suka auna jinin da ke shiga ƙwaƙwalwarsu da wanda ke fitowa, suka tarar hanta tana sarrafa kitse ta mai da shi wasu ƙananan sinadarai da ake kira kiton, kuma fiye da rabin abincin ƙwaƙwalwa a wannan hali daga gare su yake. Wato hanta ta zama mai yin gawayi, tana ƙona itacen da ƙwaƙwalwa ba ta iya ɗauka, ta miƙa mata shi a siffar da za ta iya.

Wannan na halin tsanani ne. Juyin da ya fi damunmu shi ne na yau da kullum, wanda ke faruwa a jikin kowannenmu tsakanin isha'i da asuba bai sani ba. Mutum ya ci tuwon dare, sukari ya hau cikin jini, sai wata 'yar gaɓa da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ta saki sinadarin insulin, shi kuwa aikinsa biyu ne a lokaci guda, ya buɗe ƙofar tsoka sukari ya shiga, ya kuma rufe rumbun kitse kada a ɗebo; in dare ya raba insulin ya sauka, rumbu ya buɗe, kafin ladan ya yi kiran farko galibin abin da tsoka ke ci kitse ne. Wani malami a Kambirij ta Ingila, Philip Randle, ya nuna a 1963 cewa makamashin nan biyu zaman kishiyoyi suke yi, in ɗaya ta karɓi girki ɗayar sai ta koma ɗakinta. Gida kuwa yana zaman lafiya ne muddin ana mutunta rabon kwana.

Abin da ke faruwa in rabon ya rikice, shi David Kelley da abokan aikinsa suka bincika a jami'ar Pittsburgh a ƙarshen shekarun 1990, ta hanyar auna jinin da ke shiga ƙafar mutum da wanda ke fitowa daga cikinta. Suka ga cewa tsokar mutum marar ƙiba, in ya kwana bai ci ba, kitse take ƙonawa sosai, da an ba shi insulin kuwa sai ta juya ga sukari nan da nan. Amma tsokar mai ƙiba wanda jikinsa ya fara bijire wa insulin ta tsaya a tsakiya, da yunwa ba ta ƙona kitse yadda ya kamata, da ƙoshi kuma ba ta karɓar sukari yadda ya kamata. A shekarar 2000 shi da Lawrence Mandarino suka yaɗa sunan da ake kiran wannan hali da shi, wanda a Hausa za mu iya cewa ƙagewar jiki wajen sauya makamashi, kamar yadda gwiwa ke ƙagewa ta ƙi miƙewa ta ƙi lanƙwasuwa.

Ina kitsen da ba a ƙona ba yake tafiya? Muddin rumbunsa na ƙarƙashin fata yana da wuri, can ake zuba shi, kuma cutarwarsa kaɗan ce; amma kowane mutum da iyakar rumbunsa, na wani babba na wani ƙarami, in kuwa ya cika sai rarar ta malala inda ba muhallinta ba, ta taru a hanta, ta shiga tsakanin zaren tsoka, ta kewaye hanji, har ta kai ga fankiriyas ɗin kansa. Gaɓoɓin nan sai su fara yi wa insulin kunnen ƙashi, fankiriyas ya ƙara ɗaga murya yana ninka abin da yake fitarwa, a yi shekaru ana haka mutum yana harkokinsa bai san wainar da ake toyawa ba, sai ran da fankiriyas ya gaji, sukari ya tumbatsa cikin jini, sa'an nan a ce wane ya kamu da ciwon sukari, kamar jiya abin ya faro. A 1988 Gerald Reaven na jami'ar Stanford ya jawo hankalin likitoci ga cewa wannan kunnen ƙashi ba ya tafiya shi kaɗai, galibi tare ake ganinsa da hawan jini, da yawan maiƙo a jini, da ƙarancin nau'in kolestarol mai amfani, kuma ayarin nan gaba ɗaya ciwon zuciya ya nufa. Ita kanta zuciya, wadda ke bugawa wajen sau 100,000 tsakanin yini da dare, galibin abincinta kitse ne, sai dai lafiyayyiya tana karɓar sukari duk lokacin da hali ya yi; ta mai ciwon sukari kuwa tana ƙara dogara ga kitse, alhali ƙona kitse ya fi cin oksijin, ga kuma hanyoyin jinin da ke kawo oksijin ɗin suna ƙuntata.

Adalci ya wajabta in faɗa muku cewa akwai saɓani tsakanin malamai a kan wannan babi. A 2008 Jose Galgani da Eric Ravussin, a cibiyar Pennington ta jihar Louisiana, sun sake awo suka ce in aka yi la'akari da yawan sukarin da ya sami shiga cikin gaɓoɓi, to mai ciwon sukari yana ƙona rabonsa kamar kowa. A ganinsu murhun lafiyarsa lau, ƙofar madafa ce ta cije, karan bai iso ba. Ana nan ana muhawara ko ƙagewar ce asalin cutar ko kuwa alamarta ce. Saboda haka duk mai tallan garin magani ko ganyen shayi da ya ce zai daidaita maka ƙonewar kitse cikin mako guda, ya riga malaman da suka ƙarar da rayuwarsu a kan abin, kuma ya kamata ka dafe aljihunka.

Yanzu bari mu zo ga wani binciken da ya ba ni mamaki sa'ad da na fara karanta shi, domin ya rushe abin da duk muka ɗauka ba ya bukatar hujja. Mun saba cewa mutumin karkara mai noma da tafiyar ƙasa yana ƙona ninkin abin da ma'aikacin ofis ke ƙonawa. Akwai kuwa hanyar gwada wannan, ita ce a shayar da mutum wani ruwa mai alama, ya tafi harkokinsa, ana karɓar fitsarinsa har mako ɗaya ko biyu, daga nan a lissafa ƙarfin da ya kashe. Da wannan hanya Herman Pontzer ya auna mutanen Hadza na arewacin Tanzaniya, masu rayuwa da farauta da tonon saiwa da cin zuma, masu yini suna tafiya a daji, ya buga sakamakon a 2012: in aka daidaita girman jiki, abin da suke ƙonawa a yini bai bambanta da na mutanen biranen Amurka da Turai ba. Tun kafin wannan, a 2008, masu bincike na jami'ar Loyola ta Shikago da abokan aikinsu na Ibadan sun gwada matan Igbo-Ora ta jihar Oyo da baƙaƙen matan unguwannin Shikago, suka tarar matan Amurkan sun fi nauyi nesa ba kusa ba, amma ƙarfin da ɓangarorin biyu ke kashewa wajen motsi, bayan an daidaita girman jiki, kusan ɗaya ne. Ashe jiki ma'aji ne mai tsumulmula, in ka kashe da yawa a gona sai ya tsuke wani wuri. Haka kuma uzurin nan da muke kawowa, cewa wai da mutum ya kai arba'in wutar jikinsa ke raguwa shi ya sa tumbi ke fitowa, wani babban bincike na 2021 a kan mutum fiye da 6,400 daga ƙasashe 29, tun daga jaririn kwana 8 har tsohon shekara 95, ya nuna wutar tana nan daram daga shekara 20 har 60, sai bayan nan take sauka kaɗan kaɗan.

In haka ne, ta baki ƙiba ke shigowa, kuma irin abincin yana da hannu a ciki. A 2019 Kevin Hall ya kwantar da mutum 20 a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka da ke Bethesda, mako biyu ana ba su abincin masana'anta irin na leda da gwangwani, mako biyu ana ba su dafaffen abinci na asali, an daidaita sukari da mai da ke cikin abin da ake ajiye musu, aka ce kowa ya ci iya son ransa. Da abincin masana'anta sai da suka riƙa ƙara wajen kalori 500 kullum ba da niyya ba, suka ƙara kusan kilo guda cikin mako biyun, da ɗaya abincin kuwa suka sauke kwatankwacinsa.

Labari mai daɗi a nan shi ne, rumbun da ya cika ana iya rage shi. Roy Taylor na jami'ar Newcastle ya sa mutum 11 masu ciwon sukari nau'i na biyu, wato irin wanda muka bayyana a baya, a kan kalori 600 kacal a yini har mako 8, ya ba da rahoto a 2011 cewa cikin makon farko kitsen hantarsu ya zube, sukarinsu na safe ya komo daidai. Babban gwajin da ya biyo baya, wanda shi da Mike Lean na Glasgow suka buga a 2017, ya nuna kashi 46 cikin 100 sun rabu da alamun cutar ba tare da magani ba bayan shekara guda, a cikin waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86. Bayan shekara biyu adadin farko ya sauko zuwa 36, domin riƙe nauyi ya fi sauke shi wuya. Amma ina roƙonku ku saurari wannan da kunnen basira. Mutanen da aka yi gwajin a kansu Turawan Birtaniya ne masu ƙiba, ƙarƙashin kulawar likita, mu kuwa a nan Afirka da yawa daga masu ciwon sukarinmu ramammu ne. Hasali ma a watan Afirilu na 2025, a taronta na Bankok, Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da wani nau'i da ta kira na biyar, wanda ke kama waɗanda suka sha yunwa tun suna ƙanana, fankiriyas ɗinsu bai ginu sosai ba, insulin ɗin ne ya yi musu kaɗan. Irin wannan bawan Allah in ya ji labarin Newcastle ya ƙuntata wa kansa abinci, ya ƙara wa Barno dawaki ne wajen cutar kansa. Tarayyar ta kuma ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon sukari a Afirka ba su san suna da shi ba, alhali ɗigon jini guda daga yatsa ya isa a fara ganewa.

Na san akwai mai saurare da tun ɗazu yake cewa a ransa, ai mu muna da azumi. Gaskiya ne, wanda ya kame baki awa 13 ko 14, kamar yadda muke yi a ƙasashenmu, sukarin hantarsa yana raguwa, kafin la'asar sakaliya jikinsa ya karkata ga itace. Sai dai mu duba abin da muke yi in an sha ruwa: kunu ya sha sukari, ga ƙosai, ga soyayyar doya, ga lemon kwalba, a ɗan huta a kawo tuwo, kafin ciki ya sauka an tashi sahur. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna galibin masu azumi wajen kilo guda suke saukewa, shi ma yana komowa cikin 'yan makonni bayan Salla. Masu binciken taƙaita lokacin cin abinci su ma ba su haɗu a kan magana guda ba: wani ƙaramin gwaji na 2018 a kan maza 8, da aka sa su gama cin yininsu cikin awa 6 tun rana ba ta yi sanyi ba, ya nuna jikinsu ya ƙara jin insulin, hawan jininsu ya sauka, amma wani na mutum 139 a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, da aka buga a 2022, bai ga fifikon taƙaita lokaci a kan rage yawan abincin kawai ba. Azumi dai ibada ne, ba ya jiran shaidar ɗakin gwaji. Wanda ke allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da sukari kuwa, shari'a ta yi wa majinyaci rangwame, ya ga likitansa tun Sha'aban.

Saura motsa jiki, kada wani ya ce labarin Hadza ya sauke masa nauyinsa. Tsoka ita ce babban murhun gidan, ita ke karɓar mafi yawan sukarin da insulin ke korowa daga jini, kuma tana da wata baiwa, cewa in tana aiki takan buɗe ƙofarta da kanta sukari ya shiga ko da ba a jira insulin ba, in kuma aka saba mata da aikin sai ta ƙware wajen ƙona kitse. A wani gwaji na Amurka a kan mutum fiye da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, wanda aka buga a 2002, tafiyar minti 150 a mako tare da rage nauyi kaɗan ta rage kamuwa da kashi 58 cikin 100, ƙwayar metformin kuwa da kashi 31. Asalin wannan babi ma daga motar haya ya fito. A 1953 wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya duba ma'aikatan bas masu hawa biyu, ya ga direbobi, waɗanda ke yini a zaune, sun fi kwandastoci kamuwa da ciwon zuciya da mutuwa da shi, su kuwa kwandastocin yini suke suna hawa da sauka a matakala suna karɓar kuɗi. Da aka ce masa la'alla direbobin tun asali sun fi ƙiba, sai ya nemo awon wandunan da hukumar sufuri ke raba wa ma'aikatanta, ya tarar lalle ƙugun direbobi ya fi faɗi, amma kwandasta, siriri ne ko mai jiki, ya fi direba mai irin awonsa tsira. Shi Morris ɗin ya riƙi iyo da sassarfa har cikin tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.